Ruwan Dabinon Nana Hauwa

Da likita ya ce mu mayar da Baba gida, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙodar ta gama nata aikin, abin da ya rage kwanaki ne, mu ba shi duk abin da ransa ya so. Muka dawo da shi Dukawuya, muka yi masa shimfiɗa a ɗakinsa na ƙasa mai taga a tsakar gida. Yayana Khalid ya fita ya jido kaji da tuffa da inabi, kamar mai shirin walima. Baba bai ko kalli ledar ba. Sai bayan la'asar ya kira ni.

"Ummi." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, Bahijja. "Ruwan dabino nake so. Irin na uwarki."

Na ce, "To Baba," da sauri, sai ka ce abin yana cikin firij ne zan je in ɗauko.

Kakan kakanmu fatauci ne ya kawo shi Kano daga Tarabulus, ya zauna bai koma ba. Abin da ya rage mana na can bai taka kara ya karya ba: ɗan hasken fata, da wannan ruwan dabino, da wani kofin gilashi guda ɗaya mai ɗan tauraro na ruwan zinare a gindinsa. Jiƙa dabino ake yi da 'yar tsamiya da kanumfari, a dama, a tace. Wannan kowace mace a unguwa za ta iya. Abin da ya bambanta na gidanmu shi ne haske. Idan mahaifiyata, Nana Hauwa, ta zuba shi a kofin nan, sai ka hango tauraron daga sama tar, kamar babu komai a ciki sai kalar zuma. Baba ba ya kai shi baki sai ya leƙa ya ga tauraron. Shekara arba'in haka suka yi, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ni ban koya ba. Ranar da za a yi, Nana takan shiga madafa ta turo ƙofa, daga ita sai Iya Asibi, matar da ta yi shekara talatin tana taya ta aiki. Ban taɓa damuwa in leƙa ba. Ina can ina karatun kimiyya, ina ganin duk wani abin da ake yi a bayan ƙofar madafa bai wuce camfin tsofaffi ba. Nana ta rasu shekara takwas ke nan. Wadda ta rage a duniya da ta iya abin ita ce Iya Asibi, ita kuma ni na kore ta da bakina.

Ga yadda aka yi. Bayan rasuwar Nana da 'yan watanni aurena ya mutu, na dawo gida da 'ya'yana biyu na karɓi riƙon gidan. Iya Asibi ta ci gaba da yi wa Baba ruwan dabinonsa. Akwai kajin Nana a bayan madafa, na ce ƙwansu na yarana ne, tunda dai Baba shi da ƙwai ba sa ga maciji. Tun yana yaro ƙarninsa yake tayar masa da zuciya. Kwanonsa daban, cokalinsa daban, ko kek ba ya ci. A majalisarsa har bugun ƙirji yake yi, wai tunda ya yi wayo ƙwai bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba, kuma ko ɗigo aka sa a tukunya sai hancinsa ya kama.

Sai na lura duk Juma'a ƙwai biyu suna ɓata. Na yi shiru sati ɗaya, sati biyu. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, kuma a lokacin zuciyata a kusa take, ina neman wanda zan huce a kansa. Juma'a ta uku na tare Iya Asibi a zaure za ta tafi gida. Baba yana zaune a kan darduma da abokansa biyu. Na ce ta buɗe abin da ke ƙarƙashin mayafinta. Ta dube ni, ta ce, "Bahijja, mu koma ciki." Na ce a nan nake so. Na fizge mayafin. Sai ga ɗan kwano da gwaiduwar ƙwai biyu a ciki, ga ɓawon a ƙulle cikin leda.

Ban rage mata komai ba. Na ce ashe shekara talatin ɓarauniya muke ciyarwa, na ce Allah kaɗai ya san abin da ta kwashe tun Nana tana da rai. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta gyara mayafinta, ta durƙusa ta ce, "Alhaji, na bar ku lafiya." Baba yana kallon carbinsa bai ɗago ba. Tun daga ranar ba ta sake tako gidanmu ba, shi kuma bai sake ambaton ruwan dabino ba sai yanzu da yake kwance.

Don haka da ya nema, sunanta ne ya fara faɗo mini a rai, na yi maza na ture shi. Na ce da kaina, haba, ni da nake koya wa 'yan mata yadda ake raba ruwa da laka a aji, ruwan dabino ne zai gagare ni?

Washegari da asuba na jiƙa dabino, na dama, na tace da rariya, na sake tacewa da farin ƙyalle har sau uku. Ya fito kamar ruwan kududdufi. Na zuba a kofin, ko alamar tauraro babu. Haka na kai masa, ina cewa ai ɗanɗano ne abin nema. Ya leƙa kofin, ya dube ni.

"Wa ya yi?"

"Ni ce, Baba."

Ya mayar da fuskarsa bango. Na fito raina a ɓace, ina ganin ya raina hannuna.

Rana ta biyu na ce lokaci yake so, in aka bar shi zai kwanta da kansa. Na zuba a tulu na rufe, na hana kowa taɓawa. Na manta a bazara muke, zafin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ya kwana, ya wuni. Da na buɗe tulun da yammacin rana ta uku, saman ya ɗan washe kam, amma yana wani tsiii, ƙananan kumfa suna tasowa, wani wari mai tsami ya buge ni. Ya juya. Ni Bahijja, 'yar Alhaji Mukhtar mai limancin masallacin lungu in liman ba ya nan, na dafa giya a tsakar gidan ubana. Na kinkimi tulun na kai bakin kwata na tuntsurar, na bi da bokiti uku na ruwa don kada maƙwabta su shaƙa su samu abin faɗa. Ina zubawa ina kuka, don a ranar Baba ya daina karɓar ko kunu.

A nan na gane inda gizo yake saƙar. In ka jira ya kwanta da kansa, zai lalace kafin ya yi haske. Dole akwai abin da Nana take sawa ya janye dattin da wuri. Rana ta huɗu na jefa alif, irin wanda ake sa wa ruwan rijiya. Ya kwanta kuwa, har tauraron ya ɗan nuna dishi-dishi. Na ɗanɗana, bauri ya ɗaure mini baki kamar na tauna ɗanyar kanya. Duk da haka na kai masa, don ba ni da wani.

"Wa ya yi?"

Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya.

"Ni ce dai, Baba."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka fita da Nana.

Da safe na sake jiƙa wani, na tace, na zuba a jarka, na sa hijabi na tari adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mazugal, gidan Iya Asibi. A bakin titi ya sauke ni, don lungunsu ko babur da ƙyar yake shiga. Shekara bakwai rabona da ita, amma ƙafata ba ta manta hanya ba. Nan Nana take aiko ni da tuwon sallah ina yarinya.

Na same ta a tsakar gida tana ƙulla gyaɗa a leda. Ta tsufa ƙwarai, gwiwoyinta sun kumbura, ga sanda a jingine kusa da ita. Na yi zaton za ta ɗaure fuska, har na shirya abin da zan ce. Sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi yarana da sunayensu. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambayi maigidanta, Malam Gwadabe, ta ce ai ya shekara biyar da rasuwa. Ko gaisuwar mutuwa ba mu zo ba.

Na gaya mata halin da Baba yake ciki da abin da yake nema. Ta yi salati, ta daɗe tana kallon jarkar.

"Shi ya ce ki zo wurina?"

"A'a, Iya. Ruwan dai ya ce yana so."

"To," ta ce. "Hura gawayin can. Ki leƙa cikin kwandon nan ki ɗauko mini ƙwai biyu."

Na tsaya da murfin kwandon a hannu. Ban gane ba tukuna, amma na ɗauko na miƙa mata.

Ta juye ruwan dabinon a tukunya ta ɗora a kan wuta kaɗan. Ta fasa ƙwan a bakin kwano, tana juya gwaiduwar daga wannan ɓawo zuwa wancan har farin ya tsiyaye duka. Gwaiduwar ta ajiye a wani ɗan kwano daban. Ta kaɗa farin da ruwan sanyi cokali biyu har ya yi kumfa, ta sa yatsa a tukunya ta ji ɗuminsa, ta zuba, ta juya sau ɗaya tak, ta cire ludayin.

"Daga nan ba a sake taɓa shi," ta ce. "Kuma kada ki bari ya tafasa. In ya tafasa ya watse, kin yi asarar dabinonki."

Muka zauna muna kallo. A hankali farin ƙwan ya fara kamewa, yana tattaro duk wani gari da ɓurɓushi, yana tasowa da su sama, har ya yi wata hula mai datti a kan tukunyar. Ta gefen hular na hango ruwan yana washewa. Abin da na yi kwana huɗu ina fama da shi, ga shi ƙwai biyu suna yi a gabana ba hayaniya. Ni kuwa idona yana kan ɗan kwanon nan mai gwaiduwa biyu.

"Iya," na ce, "ƙwan nan ne?"

"Shi ne."

"Gwaiduwar fa?"

"Nana ce ta ce in riƙa tafiya da ita in ba Malam, da ɓawon duka, kada a bar alama a gidan. Ta ce in Alhaji ya ji da ƙwai a ciki ba zai ƙara sha ba, shi kuwa duk duniya ba abin da yake so kamarsa. Haka surukarta ta koya mata, ita ma a ɓoye take yi masa tun yana yaro. Ta sa na yi mata alkawari ba zai ji daga bakina ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ai na ce miki mu koma ciki." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana gyara gawayi ne ma. "Da kin ja ni gefe, da na gaya miki, ke ba da ke aka yi alkawarin ba. Amma a gabansa kika tambaye ni. Bayan nan kuma ba ki sake tambaya ba."

Na durƙusa a gabanta na kama ƙafarta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na san abin da kalmar nan ta ja mata. A cikin gari, matar da aka kira ɓarauniya a gaban dattawa uku, babu gidan da zai sake ba ta ko wanke-wanke. Gyaɗar nan da take ƙullawa ni na ɗora mata ita.

"Tashi, Bahijja. Ke na yafe miki tun kafin in kai gida ranar. Yarinya ce ke, ga zafin mutuwar uwa ga na mutuwar aure." Ta ɗago ni da hannunta. "Abin da ya tsaya mini a rai guda ɗaya ne. Shekara talatin ina gidan nan, Alhaji bai ɗaga kai ya ce a tsaya a bincika ba."

Ta sauke tukunyar, muka jira ta huce. Ta kwashe hular da ludayi a hankali, ta tsiyaye sauran ta cikin farin ƙyalle ba tare da ta matse ba. Na shinshina, babu ƙarni ko kaɗan, sai ƙanshin dabino da kanumfari. Ƙanshin Juma'ar gidanmu.

Na ce ta zo mu tafi tare. Ta girgiza kai.

"A gaban maigida na fita. In shi ya ce in zo, zan zo. Yi sauri ki kai masa."

Ana kiran azahar na shiga gida. Na wanke kofin, na zuba. Tauraron ya fito tar. Na shiga ɗakin Baba, Khalid ya tallafo shi ya jingina da filo. Na miƙa kofin a gabansa. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Wannan karon bai tambayi wanda ya yi ba. Ya ɗaga ido ya dubi ƙofa, ta bayana.

"Ina take?"

"Wa, Baba?"

"Asibi. Ba ta zo ba?"

Na ce tana gida, ita ta haɗa, ta ce a gaishe shi. Na matsa kofin kusa da bakinsa, ya kawar da kai.

"Ƙwai biyu ta sa ko?"

Kofin ya kusa suɓuce mini.

"Baba, ka sani?"

Yana magana yana hutawa, muna sunkuye a kansa ni da Khalid. Ya ce tun shekara ta biyu da aurensu ya tsinci ɗan ɓawon ƙwai a gindin kofi. Ya yi shiru, don abin yana masa daɗi, kuma yana jin daɗin ganin Nana tana murna ta yi masa wayo.

"Ranar nan a zaure, da na ga kwanon, na san ko na mene ne. Kalma ɗaya zan faɗa ta wanke ta. Amma ga abokaina a zaune, shekara da shekaru ina cika musu baki. Na ji kunyar su yi mini dariya, Ummi. Dariya kawai." Ya numfasa. "Kullum sai in ce gobe zan aika. Na kasa ce miki ki kira ta, don za ki tambaye ni dalili. Na ce in na nemi ruwan, dole ki je, tunda ba mai iyawa sai ita."

Sai a lokacin na ji tambayar nan tasa da kunnen gaskiya. Sau biyu yana cewa wa ya yi, sau biyu ina cewa ni ce, har ina jin haushi.

"Ajiye shi," ya ce. "Ba zan sha ba sai ta yafe mini. Je ki ce ni na ce ta zo. Ki ce ina roƙonta."

Ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba. Na samu adaidaita, na ce masa ya yi gudu. Da na faɗa gidan Iya Asibi na ce, "Ya ce ki zo, ya ce yana roƙonki," ba ta tambaye ni komai ba. Ta jawo mayafi, ta ɗauki sandarta.

Lungun nan da na ratsa cikin minti uku, da ita sai da muka yi kusan rabin awa. Tana takawa tana cije leɓe. Sau biyu ta dafa bango ta tsaya. Na ce in goya ta, ta ce in bari, da ƙafarta ta fita da ƙafarta za ta koma. A titi kuma muka tarar wata babbar mota ta lalace ta tare hanya, ababen hawa sun cushe. Ina zaune ina kallon agogon wayata, ina lissafin kwana huɗun da na ɓatar ina tace ruwa da ƙyalle.

Tun daga bakin lungunmu na hango takalma a ƙofar zaure, sun fi na ɗazu yawa. Sai na ji salatin mata daga cikin gida. Iya Asibi ta tsaya cak, ta damƙe hannuna. Khalid ya fito, idonsa jawur, ya dube ni, ya dube ta. Ya ce bai fi minti goma ba. Ya ce har ƙarshe idonsa yana kan ƙofa.

Ta ratsa zauren nan da na tozarta ta a ciki, ta wuce tsakar gida, mata suna matsa mata. An riga an rufe shi da farin mayafi. Ta durƙusa da ƙyar a gefen shimfiɗar, gwiwoyinta suna ƙara.

"Alhaji, ga ni na zo," ta ce. "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta faɗa da ƙarfi, yadda ake yi wa mai nauyin kunne magana.

Kofin yana nan a kan ɗan teburin inda na ajiye shi, cike, tauraron yana kallon sama. Ta dube shi.

"Bai sha ba?"

Na ce bai sha ba.

Ta jawo faifai ta rufe bakin kofin, ta ce a ba wani ya shanye kafin ya juya, da zafin nan ba zai kai gobe ba.

Babu wanda ya iya sha a cikinmu. Washegari da safe na ɗaga faifan na tarar ya fara kumfa. Na kai shi bakin kwata na zubar.